Yadda Ake Gwada Tataccen Tsiro: Ƙarfinsa a Kan Bakteriya da Gubar da Ke Cikinsa

Duk tsiron da aka ce yana maganin gyambo, ko gudawa, ko ciwon mafitsara, tambayoyi biyu ne ke jiransa a ɗakin gwaji. Shin da gaske yana hana bakteriya yaɗuwa, kuma sai an zuba nawa? Sannan a daidai wannan adadin, me yake yi wa jikin wanda ya sha? Sababbin shiga bincike sukan tsaya a rabin tambayar farko, su ga da'irar da bakteriya ba ta tsiro a cikinta ba ta fito a kan faranti, su ɗauki hoto, su ce an sami magani. To ai ruwan bilic ma yana yin da'ira, har ta fi ta kowane ganye faɗi, kuma ba mai ba ɗansa ya sha. Lambobi biyu ake nema a ajiye kusa da juna: adadin da ke tsayar da ƙwayar cuta, da adadin da ke fara cutar da ƙwayar jiki. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce sakamakon.

Wannan aiki na ɗakin gwaji ne mai matakin kariya na 2, ƙarƙashin idon wanda ya san sarrafa ƙwayoyin cuta. Rigar aiki, safar hannu da tabarau ba abin sasantawa ba ne. Duk abin da ƙwaya ta taɓa sai ya bi ta tukunyar otokilef mai kashe ƙwayoyi da tururi, a zafin digiri 121 na minti 15 aƙalla, kafin ya fita daga ɗakin.

Mataki na 1: Ka tabbatar da tsiron da ke hannunka

Kada ka dogara da sunan da mutane ke kiran tsiro da shi, domin suna ɗaya yakan hau tsirrai biyu ko uku. Ka ciro reshe mai ganye, da fure ko 'ya'ya in akwai, ka kai wa masanin rabe-raben tsirrai ya ba ka sunansa na kimiyya. A danne samfuri ɗaya a busar, a ajiye a ma'ajiyar busassun tsirrai, a ba ka lambarsa. Ka rubuta ranar da ka ciro, da wurin, da sashen da ka ɗauka: ganye ne, ɓawo, saiwa ko iri. Sinadaran tsiro suna canjawa da yanayi da shekarun itacen, shi ya sa wanda zai maimaita aikinka yake buƙatar waɗannan bayanai.

Wannan ba ƙa'idar banza ba ce. A farkon shekarun 1990, a Beljiyam, an haɗa wa mata maganin rage ƙiba da ya kamata ya ƙunshi Stephania tetrandra, sai aka sa Aristolochia fangchi a maimakonsa, saboda sunayensu na kasuwa a Sinanci sun yi kama. Fiye da mutum 100 ƙodarsu ta lalace, wasu kuma daga baya suka kamu da sankarar hanyar fitsari.

Mataki na 2: Busarwa, niƙa da tatsa

Ka wanke, ka shanya a inuwa inda iska ke wucewa, ko a tanda da bai wuce digiri 40 ba, har nauyin ya daina raguwa. Wanda ya yi fumfuna ka zubar, don fumfuna tana fitar da nata sinadarin kashe bakteriya, sai ka yaba wa ganyen abin da ba nasa ba. Ka niƙa, ka tankaɗe, ka auna.

Hanya mafi sauƙi ita ce jiƙo. Giram 100 na gari a lita 1 ta ruwan tatsa, cikin kwalba mai murfi, awa 48 zuwa 72, ana girgizawa lokaci-lokaci. Wane ruwa? Ka fara da irin wanda masu amfani da tsiron ke amfani da shi. In dafa shi suke yi da ruwa, to dole tataccen ruwa ya kasance cikin gwajinka, in ba haka ba abin da ka gwada daban, abin da ake sha daban. Daga nan ka ƙara etanol mai kashi 70 cikin 100 ko metanol, waɗanda ke janyo sinadarai iri-iri, sannan etil asetet da heksan don masu maiƙo. Jiƙon ruwa zalla kada ya wuce awa 24, kuma a firiji, don yakan fara ruɓewa.

Na'urar Soxhlet ta fi tatsewa tas, sai dai tana dafa abin na awoyi, kuma ba kowane sinadari ke jure wuta ba. Tu Youyou da abokan aikinta a Sin sun yi ta samun sakamako marar tabbas da Artemisia annua, sai a 1971 da suka koma tatsa da sinadarin ita (ether), ruwan da ke tafasa a kusan digiri 35, sannan ƙarfin tsiron a kan zazzaɓin cizon sauro ya bayyana sosai. Aikin ne ya kai ta ga kyautar Nobel a 2015. Don haka in tataccen da aka dafa bai nuna komai ba, a gwada na sanyi kafin a yanke wa tsiron hukunci.

Ka tace da ƙyalle mai tsabta, ka sake tacewa da takardar Whatman lamba 1. Ka ƙafar da ruwan a na'urar ƙafarwa mai juyawa a digiri 40, har ya zama danƙo ko gari. A nan sai haƙuri: ɗan etanol da ya rage a cikin danƙon zai kashe bakteriya da kansa. Ka riƙa aunawa har nauyi ya tsaya cak. In giram 100 ya ba ka giram 8.5, ribar tatsarka kashi 8.5 cikin 100 ke nan, ka rubuta. Ajiya a kwalba mai duhu, a digiri 4.

Ranar gwaji ka narkar da miligiram 100 na tataccen a mililita 1 ta DMSO, wani ruwan narkar da sinadarai, ko a tsabtataccen ruwa in yana narkewa a ciki, ka bi da shi ta matatar da ƙofofinta maikuromita 0.22 ne don cire duk ƙwayar da ta biyo shi. In DMSO ne, ka duba cewa matatar irin mai jure shi ce, kamar ta nailan.

Mataki na 3: Ƙwayoyin gwaji

Ka fara da ƙwayoyin da duniya ta san halinsu: Staphylococcus aureus ATCC 25923, Escherichia coli ATCC 25922 da Pseudomonas aeruginosa ATCC 27853. Ta farko tana riƙe rinin Gram, biyun kuma ba sa riƙewa, suna da ƙarin fata a waje da ke tare sinadarai da yawa. Saboda haka kada ka yi mamaki in tataccenka ya kama Staphylococcus ya bar Pseudomonas ko gezau, haka aka saba gani. Ƙwayoyin da aka ciro daga marasa lafiya suna da amfani, musamman masu bijire wa magani, amma a matsayin ƙari, bayan an tantance su kuma an san magungunan da suka bijire wa.

Daga farantin da ya kwana awa 18 zuwa 24, ka tsinci gungu 3 zuwa 5, ka dama a ruwan gishiri mai kashi 0.85 cikin 100, har gurɓacewarsa ta yi daidai da ma'aunin McFarland 0.5, kimanin ƙwayoyi miliyan 150 ke nan a kowace mililita. In babu na kamfani, ana haɗa shi da mililita 0.05 ta bariyam kulorayid mai kashi 1.175 da mililita 9.95 ta salfurik asid mai kashi 1. Ka riƙe kwalaben biyu a gaban farar takarda mai baƙaƙen layuka, ka duba ko layukan sun dushe iri ɗaya. In akwai na'urar auna haske, a nanomita 625 ya kamata ta karanta tsakanin 0.08 da 0.13. Ka yi amfani da damun cikin minti 15.

Mafi yawan sakamakon da ba ya maimaituwa daga nan yake lalacewa. Damu ya yi kauri, da'ira ta ƙanƙance. Ya yi tsararo, da'ira ta buɗe, mai gwaji ya yi ta murna a banza.

Mataki na 4: Gwajin faranti

Agar ɗin Mueller-Hinton, daskararren abincin da ake shuka bakteriya a kai, ake amfani da shi, giram 38 a lita 1 ga yawancin kamfanoni, amma ka karanta jikin gwangwanin. Bayan otokilef ka bari ya huce zuwa digiri 45 ko 50, ka zuba mililita 25 a farantin milimita 90, abin da zai ba ka kaurin milimita 4. Ka tsoma tsinken auduga a damun ƙwayoyi, ka matse a jikin kwalbar, ka shafe fuskar agar ɗin sau uku, kana juya farantin kusan digiri 60 kowane karo, ka zagaye gefen.

Sai ka zaɓa: ko ka ɗora 'yan takardu masu faɗin milimita 6 da aka jiƙa da tataccen aka busar, irin tsarin Kirby da Bauer na 1966, ko ka huda ramuka na milimita 6 zuwa 8 ka zuba maikurolita 50 zuwa 100 a kowanne. Ga tataccen tsiro rami ya fi, don ya fi ɗauka. Ka bar farantin a kan tebur kamar minti 30 abin ya fara ratsawa, sannan inkubeta, digiri 35 zuwa 37, awa 16 zuwa 18.

Kowane faranti yana buƙatar shaidu biyu. Ɗaya ramin da aka zuba ruwan narkarwa zalla, da ƙarfin da yake da shi a cikin tataccen, wanda bai kamata ya yi da'ira ko kaɗan ba. Ɗayan kuma sanannen magani, misali takardar jentamaisin mai maikurogiram 10. A kan E. coli ATCC 25922 da'irarta tana faɗawa tsakanin milimita 19 da 26. In ta fita daga nan, matsalar tana wajen agar, ko damu, ko inkubeta, kuma duk abin da aka auna a wannan ranar sai a sake.

Washegari ka kifa farantin a kan baƙin abu, ka auna faɗin filin da ƙwayoyin ba su tsiro ba da rula, daga baki zuwa baki ta tsakiya, ka faɗa a rahoto ko ka haɗa da faɗin ramin. Ka duba da kyau, wani lokaci launin tataccen ne ya rina agar ɗin, ƙwayoyin kuwa suna nan lafiya a ƙarƙashin launin. A yi kowane gwaji sau uku, a ranaku daban-daban, da sabon damu.

Abin da wannan gwaji ke iya faɗa maka kaɗan ne: akwai alama, ko babu. Agar kusan duk ruwa ne, sinadari mai maiƙo ba ya tafiya a cikinsa, yana iya zama mai ƙarfi amma da'irarsa ta fito 'yar mitsitsiya. Mai narkewa a ruwa kuma, ko da rarrauna ne, sai ya bazu ya yi fili. Tsamin tataccen kaɗai yana iya yin da'ira, don haka ka auna pH ɗinsa. Teburan hukumomin CLSI da EUCAST da ke cewa milimita kaza na nufin ƙwaya ta ji magani, an yi su ne don takamaiman magunguna a takamaiman adadi. Ɗora su a kan tataccen ganye kuskure ne, ko da an saba ganinsa a rubuce.

Mataki na 5: Nemo MIC

A nan gizo ke saƙa. MIC shi ne mafi ƙarancin adadin tataccen da ya hana ƙwayoyin tsirowa yadda ido zai gani, kuma ita ce lambar da za a iya kwatantawa da ta wani ɗakin gwaji. Ana yin sa a faranti mai gurbi 96, layi 8, kowane layi gurbi 12, da romon Mueller-Hinton.

Ka ɗauki narkakken tataccenka mai miligiram 100 a mililita, ka sirka kashi 1 da kashi 24 na romo. Yanzu kana da maikurogiram 4,000 a mililita, DMSO kuma kashi 4 cikin 100. Ka zuba maikurolita 100 na romo a gurbi na 1 zuwa na 12. Ka ƙara maikurolita 100 na tataccen a gurbi na 1, ka gauraya da pipet sau biyar ko shida, ka ɗebi 100 zuwa na 2, ka gauraya, ka ɗebi 100 zuwa na 3, haka har na 10, inda za ka ɗebi 100 ka zubar. Kowane gurbi rabin ƙarfin wanda ya gabace shi ke nan.

Sai ka sirka damun McFarland kashi 1 cikin 150 da romo, ka zuba maikurolita 100 a gurbi na 1 zuwa na 11. Wannan zai bar ƙwayoyi kimanin 500,000 a mililita, ya kuma sake raba ƙarfin tataccen biyu: gurbi na 1 ya zama 1,000, sai 500, 250, 125, 62.5, har ƙasa. DMSO ya sauko kashi 1 a gurbin farko, adadin da bakteriya ke jurewa. Gurbi na 11 ƙwayoyi ne ba tatacce, dole ya gurɓace. Na 12 romo ne zalla, ka cika shi da ƙarin romo, dole ya zauna garau. Ka ware layi ɗaya ga sanannen magani, ɗaya ga DMSO kaɗai, ɗaya kuma ga tataccen da romo ba tare da ƙwaya ba. A rufe, a sa a inkubeta awa 16 zuwa 20. Ga Staphylococcus, nau'in ATCC 29213 ake so a wannan gwaji.

Tataccen tsiro yana da launi, wani lokaci har da laka a ƙasan gurbi, ta yadda ido ba zai bambance gurɓacewar ƙwaya da ta ganye ba. Maganin wannan shi ne rini mai nuna rai. Resazurin shuɗi ne, inda ƙwayoyi ke raye yakan koma ruwan hoda cikin awa 2 zuwa 4. Ko kuma INT mai miligiram 0.2 a mililita, maikurolita 40 a kowane gurbi, hanyar da J. N. Eloff na Afirka ta Kudu ya fitar a 1998 musamman don tsirrai. INT ba shi da launi, yakan koma ja inda akwai rai. Ka ɗaga farantin ka bi layi daga hagu: shuɗi, shuɗi, shuɗi, shuɗi, sai hoda. Gurbin shuɗi na ƙarshe shi ne MIC, a wannan misali 125. Kafin ka rubuta, ka leƙa layin da ba ƙwaya. Wasu tsirrai suna da sinadaran da ke juya rinin da kansu, in layin nan ya canja launi, rinin bai dace da tataccenka ba.

Don sanin ko kashewa ya yi ko tsayarwa kawai, ka ɗebi maikurolita 10 daga kowane gurbin da bai tsiro ba, gara daga farantin da ba a sa wa rini ba, ka shafa a sabon agar, ya kwana. Ɗigon nan da farko yana ɗauke da ƙwayoyi kusan 5,000. In gungu 5 ko ƙasa da haka suka fito, an kashe kashi 99.9 cikin 100, kuma mafi ƙarancin adadin da ya yi haka shi ne MBC. In MBC bai wuce ninki 4 na MIC ba, ana lissafa tataccen cikin masu kisa.

To wace lamba ce abin a zo a gani? Ma'aunin da Victor Kuete ya gabatar a 2010, wanda ake yawan bi, ya ce ƙasa da maikurogiram 100 a mililita ƙarfi ne na gaske, 100 zuwa 625 matsakaici, sama da 625 rarrauna. Ana yawan cin karo da rahoton da ke yabon MIC na miligiram 25 ko 50 a mililita, wato 25,000 zuwa 50,000 a wancan ma'auni. A irin wannan kaurin kusan kowane ganye zai dami bakteriya, kuma ba yadda za a yi jinin mutum ya ɗauki wannan adadi. A ganina gara a rubuta cewa ba a sami ƙarfi ba, wannan ma sakamako ne, zai kuma hutar da na baya. Akwai kuma tarkon tanin, sinadarin nan mai bauri da ke cike a ɓawon itatuwa da yawa. Yana manne wa kowane furotin ya daskarar da shi, na bakteriya ne ko na mutum. In ana zarginsa, a cire shi da garin PVPP a sake gwaji, a ga ko ƙarfin ya saura.

Mataki na 6: Guba, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi

Tataccen da ya tsallake MIC ne kawai ya cancanci wannan wahala, sai fa in tsiro ne da mutane ke sha da yawa, wanda sanin gubarsa ke da amfani ko da ba ya kashe komai.

Gwajin farko na 'ya'yan Artemia salina ne, ƙananan jatan lande na ruwan gishiri, bisa tsarin Meyer da abokan aikinsa na 1982. Ka narkar da giram 38 na gishirin teku a lita 1 ta ruwa, ka barbaɗa ƙwan, ka sa iska da fitila. Cikin awa 24 zuwa 48 za su ƙyanƙyashe, su taru ɓangaren haske, inda za ka tsince su da pipet. Guda 10 a kowace kwalba mai mililita 5, a ƙarfin 10, 100 da 1,000 na maikurogiram a mililita, kowanne kwalba uku. Ƙara 250 da 500 yana sa lissafi ya fi zama. Kwalbar shaida ta ruwan narkarwa zalla, da wata ta potasiyam daikuromet mai kashe su tabbas. Bayan awa 24 ka ƙirga da gilashin ƙara girma. Wanda ka kalla na daƙiƙoƙi, ka ɗan taɓa kwalbar bai motsa ba, ya mutu. In an sami mace-mace kaɗan a kwalbar shaida, a gyara da lissafin Abbott, in sun wuce kashi 10 cikin 100 a sake gwajin. Da lissafin probit za ka fitar da LC50, adadin da ya kashe rabi. Ƙasa da 1,000 alama ce ta guba. Sama da haka ba takardar wanke kai ba ce, domin Artemia ba ta da hanta da ƙoda irin na mutum.

Gwajin jini ma yana da sauri. Jajayen ƙwayoyin jini da aka wanke, kashi 2 cikin 100 a ruwan gishirin PBS, a haɗa da tataccen na awa 1 a digiri 37, a juya a na'urar sentirifuj, a auna jan da ya fita cikin ruwan sama a nanomita 540. Sinadarin Triton X-100, mai fasa duk ƙwayoyin jinin, shi ne ma'aunin fashewa gaba ɗaya. Tsirrai masu saponin, waɗanda jiƙonsu ke kumfa in an girgiza, nan asirinsu ke tonuwa.

Wanda ya fi kusa da amsar da ake nema shi ne gwajin MTT, na Mosmann, 1983. Ana shuka ƙwayoyin halitta, galibi na Vero da aka samo daga ƙodar biri, kamar 10,000 a gurbi, su kwana a digiri 37 da iskar kabon dayoksaid kashi 5. A zuba tataccen a ƙarfi daban-daban na awa 24 zuwa 72, a zubar, a wanke gurbin, sannan a sa rinin MTT na awa 3 zuwa 4. Rayayyun ƙwayoyi suna mayar da rawayarsa shunayya, a narkar da DMSO a karanta a nanomita 570. Wankewar nan kada a tsallake ta. Tsirrai masu yawan folifenol suna juya MTT da kansu, sai matattun ƙwayoyi su fito a lissafi kamar rayayyu. Adadin da ya kashe rabin ƙwayoyin shi ne CC50.

Yanzu ka raba CC50 da MIC. A ce tatacce na farko MIC ɗinsa 125, CC50 kuma 200: amsa 1.6, wato kusan a inda yake tsayar da bakteriya a nan yake fara kashe ƙwayar jiki. Na biyu MIC 62.5, CC50 900: amsa 14.4. Yawanci 10 zuwa sama ake nema kafin a ce a ci gaba. Wanda ya faɗi ƙasa ba lallai a jefar da shi ba, ana iya rarraba shi kashi-kashi, don sau da yawa sinadarin da ke kashe bakteriya daban, mai gubar daban.

Mataki na 7: Gwaji a kan dabba

Ba a taɓa dabba sai da rubutaccen izinin kwamitin ɗa'ar bincike, kuma wanda zai ɗura maganin sai wanda aka horar. Ƙa'idar da Russell da Burch suka shimfiɗa a 1959 ita ake bi: a maye gurbin dabba in da hali, a rage yawanta, a sassauta mata wahala. Tsohon gwajin LD50, wato adadin da ke kashe rabin dabbobin, mai cin dabbobi da yawa, ƙa'ida ta 401 ta ƙungiyar ƙasashe ta OECD, an soke shi a 2002.

A ƙa'ida ta 423, ɓeraye mata 3 ake ɗauka a kowane zagaye, masu mako 8 zuwa 12, bayan sun saba da ɗakin na kwana 5 aƙalla. Babban nau'in ɓera (rat) ya kwana ba abinci amma da ruwa, ƙaramin nau'in (mouse) kuwa awa 3 zuwa 4 ya isa. Matakan su ne miligiram 5, 50, 300 da 2,000 a kowane kilo na nauyin jiki, in ba a san komai game da tsiron ba a fara da 300. Ɓeran da ya kai giram 180, a matakin 2,000, miligiram 360 zai sha. Tunda ba a so a wuce mililita 1 ga kowane giram 100 na jiki, sai a haɗa tataccen a ƙarfin miligiram 200 a mililita a ɗura masa mililita 1.8. In 2 ko 3 suka mutu a sauka mataki, in 1 ne ko babu a maimaita da wasu 3 kafin a hau.

A zuba musu ido a minti 30 na farko, a dage sosai a awa 4 na farko, sannan kullum har kwana 14. Ana duba tashin gashi, rawar jiki, dalalar miyau, gudawa, yawan barci, numfashi da yadda suke tafiya, ana auna nauyinsu duk mako. Dabbar da ta shiga matsananciyar wahala a sauƙaƙe mata, a lissafa ta cikin waɗanda suka mutu. A ƙarshe a buɗe kowacce a duba kayan ciki.

Wasu ɗakunan gwaji suna bin tsarin Lorke na 1983: zagayen farko 10, 100 da 1,000, dabba 3 kowanne, na biyu kuma, in ba wadda ta mutu, 1,600, 2,900 da 5,000, dabba ɗaya-ɗaya. Ana ninka mafi girman adadin da bai kashe ba da mafi ƙanƙantar wanda ya kashe, a ɗauki tushen murabba'insu. In ta rayu a 1,600 ta mutu a 2,900, LD50 kusan 2,154 ke nan.

Sha ɗaya bai isa shaida ba, tunda ba sau ɗaya ake shan maganin tsiro ba. Sinadaran pirolizidin da ke cikin tsirrai irin su Senecio, Crotalaria da Heliotropium a hankali suke toshe ƙananan jijiyoyin hanta, dabba tana iya cika kwana 14 tana ci tana sha alhali ɓarnar ta fara. Don haka sai a bi da ƙa'ida ta 407: ɗura kullum na kwana 28, rukuni uku na adadi daban-daban da rukunin shaida, maza 5 mata 5 a kowanne. A ƙarshe a ɗebi jini a auna ALT da AST don hanta, kiriyatinin da yuriya don ƙoda, da ƙidayar ƙwayoyin jini. A auna nauyin hanta, ƙoda, saifa da zuciya a kwatanta da nauyin jiki, a sa yankansu a fomalin mai kashi 10 cikin 100 a kai wa masanin nama ya duba a madubin likita, zai fi kyau ba tare da ya san rukunin da kowane yanka ya fito ba. In da hali a ware ƙarin rukuni a mafi girman adadi, a daina ba shi tataccen, a bar shi kwana 14 kafin a duba, don a ga ko ɓarnar tana warkewa ko zama take yi. Mafi girman adadin da bai nuna wata illa ba a wannan gwaji shi ake kira NOAEL, kuma daga gare shi ake fara lissafin adadin da za a iya nema wa izinin gwadawa a jikin mutum.